Lahadi Uku da Takardarka a Hannuna

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga watan Nuwamba 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran kakana, Malam Ibrah Maidoki, mai gyaran rediyo a kasuwar Filinge. Ya rasu a ɗakinsa yana da shekara saba'in da huɗu, bayan ya yi fama da kumburin ƙafa tun damina. An yi masa sutura bayan azahar.

Ni ce Latifa, ɗiyar ɗansa Abdulgafar. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ban iya magana a gaban mutane ba, kowa a gidanmu ya sani. Amma akwai abin da nake son in faɗa maka, Kaka, kuma a cikin wannan kaye, wato littafin rubutu, da ka saya mini nake rubuta shi, domin a cikinsa muka fara.

Kai ne mutum na farko da bai taɓa ce mini in ɗaga murya ba. Ina aji uku lokacin da malamarmu ta aiko gida cewa ba na amsa tambaya, a duba ko kunnena na da lafiya. Babana ya damu. Kai kuwa dariya ka yi, ka ce kunnen nan ya fi na kowa lafiya a gidan, shi ya sa bakin yake hutawa. Tun daga ranar nake zama kusa da kai idan kana aiki. Na ga yadda kake buɗe kasat da ƙaramar wuƙa, ka jawo zaren da ya tsinke, ka liƙe shi da ɗigon ƙaro, ka naɗe da bik, wato biro, a hankali. Mutane sun daɗe da komawa jin waƙa a waya, amma tsofaffi daga garuruwan Tabla da Sanam ba su daina kawo maka kasat ɗinsu a ƙulle cikin tsumma ba. Wata tsohuwa ta taɓa kawo wadda muryar mijinta ke ciki, saƙon da ya aiko mata daga cin rani kafin ya rasu. Kwana biyu ka yi a kanta. Da muryar ta fito, ka tashi ka bar mata rumfar ta saurara ita kaɗai, ni ma ka jawo hannuna muka fita.

Da idonka ya fara rauni, sai ka naɗa ni mai rubuta maka. Sakatariya kake kirana. Idan na yi jinkiri ka ce za ka kore ni daga aiki, idan na kawo maka fura ka ce an ƙara mini girma.

Duk wanda ya san ka ya san Baba Nafi'u Gambo, abokinka tun kuna samari. Kowace Lahadi, ranar kasuwa, kuna zama a fadarku gindin tsamiya kusa da kasuwar dabbobi, ana dafa shayi, kuma gardamarku ɗaya ce fiye da shekara talatin: a shekarun tamanin, wane mawaƙi ne ya fi kowa tasiri a ƙasar Kurfai? Kai kana bayan Nasara Ɗan Sanam, mai goge. Ka ce duk mai gogen da ya biyo baya daga hannunsa ya kwaso, kuma idan ya ja izga ko doki sai ya tsaya. Baba Nafi'u yana bayan Husaina ƴar Tabla, wadda ta yi waƙa a ƙungiyar matasa ta samariya lokacin babban fari, ta yi wa mazan da suka tafi kudu neman abinci waƙa, ta yi wa matan da suka zauna suna jira. Dukansu biyu sun daɗe da rasuwa. Ku kuwa ba ku bar su sun huta ba. Ni ban taɓa zama a fadar ba, wurin maza ne, amma kakan dawo gida ka maimaita mana komai, har da muryar Baba Nafi'u kake kwaikwayo, matarka Kaka Mairama tana cewa ku tsofaffin nan ba ku da aikin yi.

A farkon daminar bana gardamar ta ɓaci. Yadda na ji, Baba Nafi'u ya ce mai gogen naka ƴan bori kaɗai ya tayar, kuma mai salla ba ya saka shi a lissafi. Ya san mahaifiyarka ƴar bori ce har ta bar duniya, ya san kai ka yi jinyarta. Ka ce masa Husaina da ba don rediyo ba ko bakin Tabla ba za ta wuce ba. Ka naɗe tabarmarka ka dawo gida. Ranar ba ka kwaikwayi muryar kowa ba. Watanni kuka yi kuna gaisawa a ƙofar masallaci kamar baƙi, daga baya ƙafarka ta hana ka fita gaba ɗaya.

Da aka yanke hatsi, wata safiya ka kira ni.

"Sakatariya, ɗauko kaye da bik. Akwai wurin da ni da Nafi'u ba mu shiga, ke kina shiga. Tahi wurin mata masu sussuka da masu daka. Kar ki tambayi kowa komi. Zamna ki saurara. Waƙar da duk kinka ji sun ɗauka da kansu, ki ja mata layi. Wanda mata ke daka da waƙarshi bayan shekara arba'in, shi ne mai tasiri. Sauran duk surutun fada ne."

Wannan aiki ya yi mini daɗi, domin ba ya bukatar baki. Kwana goma na yi ina bin turame a unguwarmu da masussukar bayan gari. Nakan karɓi taɓarya in taya su, in saurara. Da yamma in dawo, ka sa in rera maka abin da na ji, kai kuma ka gaya mini ta wane ce. Ban taɓa rera waƙa a gaban kowa ba sai kai. Kakan juya fuskarka bango don in sake.

Layukan Husaina suka yi ta yawa. Na ga fuskarka tana canzawa, tausayi ya kama ni, sai rana ta shida na ƙara wa Nasara layi biyu da ban ji ba. Ka ce in rera su. Babu waƙar da zan rera. Ka ce, "Goge su, ɗiyata. Nasara bai roƙi kowa ba da ranshi, ba za a roƙa mishi ba yana kabari." Na goge ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage.

A ƙarshe Husaina ta samu ashirin da uku, Nasara huɗu. Abin da ya fi ba ka mamaki shi ne da na ce maka yawancin matan ba su san sunanta ba. Gwaggo Basiratu da kanta ta rantse cewa waƙar rijiya da take yi ta mahaifiyarta ce. Sai ka ce ai shi ke nan, waƙar da mata suka ɗauka har suka manta mai ita, babu sauran gardama a kanta. Ka sa na yage takarda daga tsakiyar kaye na rubuta:

"Nafi'u, na aiki jikata inda ni da kai ba mu shiga. Husaina ta ci, ashirin da uku da huɗu. Abin da na hwaɗi a kanta na janye shi. Amma goge ya hi daɗi, wannan ban janye ba. Kasat ɗinka ta Husaina da ka kawo gyara tana nan, na liƙe ta tun damina. Taho Lahadi ka ɗauka, ka taho da ganyen shayi, nawa ya ƙare."

Ka ce in kai masa fada da hannuna, domin wanda ya jiyo shaida shi ke kai ta.

Kaka, a nan ne na ci amanarka.

Lahadin farko na tafi. Na hango su gindin tsamiya, maza sun fi goma, suna dariya. Na tsaya bayan mai sayar da albasa har ta tambaye ni ko saye zan yi. Na kasa ƙarasawa wurinsu. Na dawo gida da takardar a ƙulle a bakin zanena. Ka ji motsina ka ce, "Kin kai?" Na ce, "Uhm." Ban ce i ba, ban ce a'a ba, amma na san abin da za ka ɗauka. Ka yi murmushi, ka ce a share ƙofar ɗakinka ranar Lahadi mai zuwa.

Lahadi ta biyu ka sa aka shimfiɗa tabarma biyu, aka wanke kofunan shayi, ka ajiye kasat ɗin kusa da hannunka. Ni kuma na sake fita da niyyar gyara laifina. Wannan karon har na isa bakin inuwar. Wani dattijo ya ɗago ya ce, "Ɗiyar wa ce wagga?" Duk suka juyo. Na durƙusa na gaishe su, na tashi na wuce kamar aikena aka yi wani wuri. Baba Nafi'u yana zuba shayi, ko ganina bai yi ba. Zan iya kai takardar gidansa in ba matarsa. Zan iya ba babana. Duk na yi tunaninsu, amma kowanne yana nufin a san na yi maka ƙarya, sai na ce bari wata Lahadi.

Lahadi ta uku ko fita ban yi ba, jikinka ya yi nauyi. Duk da haka ka sa aka shimfiɗa tabarmar. Duk sallamar da aka yi a zaure sai ka ɗaga kai. Bayan la'asar ka ce in naɗe ta. Ina naɗewa ka ce, kamar kana magana da kanka, "Ko dai Nafi'u ya riƙe ni a zuci, ko takarda ta yi ma wani nauyi. Duka biyun na yahe." Na ce a raina gobe zan faɗa maka gaskiya. Litinin aka wuni ana shiga da fita a ɗakinka. Talata ka tafi.

Har yau ban sani ba ko ka gane. Kai da ka kama ni a kan layi biyu, da wuya a ce wannan ta wuce ka. Amma idan ba ka gane ba, to ka bar duniya kana zaton abokinka ya karanta ban-haƙurinka ya ƙi zuwa, kuma ni na jawo. Wannan tunanin shi ne ya hana ni cin abinci kwana biyu.

Baba Nafi'u yana cikin waɗanda suka yi maka wanka, kuma bai bar ƙofar gidanmu ba tun da aka dawo daga maƙabarta. Ranar sadakar uku maza suka cika ƙofar gida, sun ninka na fada sau biyar. Na kwance bakin zanena, na fita ta zaure. Na ji Gwaggo Basiratu tana kirana a hankali, ban juya ba. Na ratsa tabarmi ina kallon ƙasa har na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, saƙon Kaka ne. Sati uku ke nan yana hannuna. Laifina ne." Ya ce ba ya karanta boko, in karanta masa. Na karanta a gaban mutanen nan duka. Da na zo wurin da ka ce goge ya fi daɗi, wasu suka yi dariya.

Baba Nafi'u ya rufe fuskarsa da rawani. Da ya buɗe ya ce, "Da kin kawo ta, ɗiyata, da ko da rarrahe na taho." Wannan magana ta shige ni, kuma gaskiya ce, ban nemi ya sassauta ta ba. Sai ya ce, "Amma ni wata biyar gare ni, ƙahwata lahiya lau, kuma na san hanyar gidan ga. Husaina ba ita ta dame ni ba. Maganar da na yi bisa uwarshi nika son in janye, ga shi babu wanda zan janye ma." Ya dube ni ya ce, "Ke ce kunnenshi. To ki ji, ki rubuta. Na janye."

Na rubuta, Kaka. Yana nan a kayen, a ƙarƙashin layukan Husaina da na Nasara, da ranar da ya faɗa. Kasat ɗin ma na ba shi. Bai saurare ta ba tukuna, ya ce sai bayan arba'in. Ganyen shayin kuwa ya kawo shi washegari, ya ba Kaka Mairama.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Ibrah Maidoki. Ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya yafe wa wanda bai ma nemi yafiya ba. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka jiƙan mahaifiyarsa da mahaifinsa, ka jiƙan Nasara da Husaina da duk waɗanda suka riga mu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kaka Mairama, da babana Abdulgafar, da Gwaggo Basiratu, da sauran ƴaƴa da jikoki, da ƴan fadar gindin tsamiya, da tsofaffin Tabla da Sanam da za su zo da kasat a tsumma su tarar da rumfa a rufe. Ga Baba Nafi'u kuma, Allah ya ba ka haƙurin rashin abokin gardama.

Ni kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a. Kaka, saƙonka ya isa, amsarsa tana hannuna. Wannan karon ban san hanyar da zan bi in kawo maka ba, sai dai in roƙi Allah ya isar da ita. Amin.

Sakatariyarka,
Latifa Abdulgafar
Filinge