Ozella da Tafkin da Aka Cike da Ƙasa

Ozella Gantt ta yi shekara talatin da huɗu tana dafa wa yara abinci a makarantar firamare ta Tallow Bend, can kudancin jihar Jojiya ta Amurka, kuma ba ta taɓa bin gajeriyar hanya zuwa aiki ba. Gajeriyar ta gefen filin ciyawa na gari ta bi. Ita kuwa sai ta zaga ta bayan masaƙa, ko da ana tsuga ruwa.

Filin nan a da tafkin ninkaya ne, na siminti, mai shuɗin ruwa. Da harajin kowa aka gina shi, amma fararen fata kaɗai ke shiga. Ozella da yayarta Earline sukan tsaya jikin waya su leƙa, in an aike su kai guga gidajen da mahaifiyarsu ke yi wa wanki. Earline ta girme ta da shekara uku, ga baki ga ƙiriniya. Takan kwanta a tsakar ɗaki tana wutsil-wutsil da ƙafafu, wai ta gama koyon iyo da ido, ruwa kawai ya rage mata.

Shekarar da Ozella ta cika goma sha ɗaya, kotu ta ce a buɗe tafkin ga kowa. Mahaifiyarsu ta yanka tsohon labule ta ɗinka musu kayan wanka. Ranar Litinin za a buɗe, ranar Asabar majalisar gari ta zauna ta ce ai tafkin ya tsage, gyaransa ya fi ƙarfinta. A kan idon Ozella motoci suka riƙa juye jar ƙasa a ciki, ko ruwan ba a gama kwashewa ba. Fararen suka gina nasu a bayan gari, ba ka shiga sai da katin ƙungiya.

Earline ta ce ita ba za a ɗinka mata kaya ta ninke ta ajiye ba. Wata rana mai zafi ta ja Ozella zuwa tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika.

"Riƙe min takalmina, matsoraciya," in ji ta. "In na fito zan koya miki."

Ozella ta ga kan yayarta ya ɓullo sau biyu. Babu ihu, babu kiran suna, har ta ɗauka wasa take. Sai washegari aka fito da ita. Don tsoro Ozella ta cusa takalman ƙarƙashin gado ba ta gaya wa kowa ba, aka binne Earline da takalmin wata maƙwabciya.

Ozella ta girma, ta auri Purvis Gantt, mai yanke ciyawa a ma'aikatar gari, mutum mai sanyin hali. Sau ɗaya ya taɓa gaya mata cewa in an yi ruwa mai yawa ƙasar filin takan lotsa, kusurwoyi huɗu su fito sak, har wuƙar injinsa ta daki bakin simintin. Ta ce kada ya ƙara kawo mata wannan zance kan abinci. Bai ƙara ba har ya rasu.

'Ya'ya uku ta haifa, ta hana su ko tsoma ƙafa a rafi. Babu wanda ya iya iyo a cikinsu, su ma suka hana nasu. A coci ita ce uwar girki, soyayyar kazarta da burodin masararta ba su da na biyu, amma ba a taɓa yi mata baftisma ba, don a can sai an nutsar da mutum. Fastoci huɗu suka yi ta lallashi suka gaji.

Abin da ba ta cika faɗa ba shi ne, in ta zura hannu cikin ruwan wanke manyan tukwane a makaranta, sai ta ji warin ruwan ramin nan, ta kuma ji kamar an tsaya a bayanta. Ba ta waiwayawa. Ta taɓa gaya wa 'yarta cewa Earline ba fushi take ba, takalminta take jira.

Bara wata matashiyar kansila ta kawo shawarar a gina sabon tafki na kowa. Baƙaƙen fata sun fi rabin garin, amma yadda aka shata mazaɓu kujera uku suke da ita cikin bakwai. Ozella ta sa hular cocinta ta je zaman majalisar gari, ta miƙe ta ba da labarin Earline a gaban jama'a, karo na farko. Shugaban zaman, Dale Whitlow, yana cikin waɗanda ta zuba wa abinci a makaranta suna yara.

"Mama Ozella, muna ganin girmanki," in ji shi. "Amma abin da ya wuce ya wuce. Mu ba da mu aka yi ba."

"Ni da ni aka yi, Dale. Kuma ban wuce ba, ga ni tsaye."

Aka kaɗa ƙuri'a, huɗu suka ƙi, uku suka yarda.

A wajen taron ne jikarta Jalisa, 'yar shekara goma sha tara, ta fara jin labarin. Bayan mako biyu ta yi rajistar koyon iyo a birni, tafiyar mil arba'in. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji. Ranar farko Jalisa ta tarar da Ozella zaune a mota da jakarta a cinya.

"Tsohuwa, ina zuwa? Ko ke ma shiga za ki yi?"

"Ja mota, marar kunya. Wani dai ya kamata ya sa ido."

Tun daga nan duk Asabar tare suke tafiya. Akwai benci a gefen ruwan, amma Ozella ba ta zama. Tsaye take yi minti arba'in da biyar, tawul a hannu, leɓɓanta na motsi duk lokacin da kan Jalisa ya nutse. Malamar ta ce yarinyar ta iya, har ɓangare mai zurfi tana zuwa. A hanyar dawowa Ozella kan yi barci tun kafin su fita daga birnin, Jalisa ta rage rediyo.