Kwano Ɗaya da Mama Abigel

Duk wadda ta yi makarantar kwana ta 'yan mata a Azare wajen ƙarshen shekarun 1980 ta san Mama Abigel, mai kula da ɗakunan kwananmu. Daga kudancin Bauchi ta zo, gajera, ga murya kamar ta mai tallan kifi. Tsoronta muke ji, amma muna sonta ƙwarai.

A ajinmu akwai Fadimatu, Bafulatanar Gamawa, wadda ba ta cin abinci a gaban mutane. Mu kuwa shashashai sai yabo, wai fulako ne, kunyar nan ta Fulani. Har masu girki suka riƙa zuba mata nata ta tafi da shi. Ashe awaki take juye wa a bayan katanga. A ganinta ƙiba ta yi mata yawa, alhali ƙasusuwan wuyanta duk sun fito.

Ran da ta yanke jiki ta faɗi a filin taro, Mama ta kama hannunta ta ji shi sanyi ƙalau, jijiyar na bugawa da ƙyar. Ta goya ta sai asibiti. Likita ya ce yunwa ta ci har naman zuciyar, tana iya tsayawa. Ya kuma ja kunne kada a ɗura mata abinci da yawa lokaci guda, shi ma hatsari ne.

Da aka sallame ta, goggonta ta zo da ƙwaryar nono ta ce, "Kunya ce kawai, haka muke. Ku bar ta ita kaɗai, za ta ci."

Mama ta ce, "Goggo, cikin Fulani na girma. Mai kunya tana ci a ɓoye. 'Yarki ba ta ci ko'ina."

Daga ranar Mama da Fadimatu kwano ɗaya suke ci, kaɗan-kaɗan yadda likita ya tsara, duk mako kuma su koma a saurari zuciyar. Fadimatu ta yi kuka, ta yi gaba da Mama, har kwanon ta taɓa kifarwa. Mama ta sake zubo wani, ko gezau.

Wata Lahadi da damina Mama ta daɗe a coci. Tana dawowa ta tarar da Fadimatu tsaye a bakin ƙofa, fuska a murtuke.

"Mama, kin daɗe fa. Yunwa nake ji."

Matar nan ta zauna a ƙasa da kayan cocinta, ta fashe da kuka. Sannan ta daka mana tsawa, "Kallon me kuke yi? A kawo tuwo!"