Likitar Roba

Yayata ta shekara goma sha ɗaya tana karatu kafin a kira ta dakta. Aikinta binciken abubuwa masu laushi ne, irin su roba da gam da wani abu mai yauƙi da take fatan a riƙa rufe gyambo da shi. Sau uku tana yi wa Inna bayani. A na ukun Inna ta gyaɗa kai, ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabciyarmu, "'Yar tawa fa ta zama likitar roba."

Kafin sati ya zagayo, ƙofar gidanmu ta cika da fasassun bokitai da tsinkakkun silifa, har da kujera mai ƙafa uku.

"Inna, ni fa ba gyara nake yi ba," in ji Yaya.

"To duba musu mana, kar a ce kina da girman kai."

Yaya ba ta iya yi wa Inna musu. Ta liƙe bokiti biyu da gam, duka suka ci gaba da yoyo.

Rannan sai ga tsoho mai facin roba na bakin titi ya yi sallama, rai a ɓace.

"'Yata, kin kwashe mini mutane, kuma aikin naki ba kyau."

Yaya ta ba shi haƙuri, ta tura masa kayan gaba ɗaya. Ya tsuguna yana ɗan ƙona gefen kowanne da ashana, yana shinshinawa. "Wannan zai kama. Wannan kuwa ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai kama ba."

Abin ya tsaya wa Yaya a rai. Ta kai gutsattsarin kayan zuwa ɗakin bincikensu na jami'a, ta kwana biyu tana gwaji da na'ura. Cikin kaya sha biyu, tsohon bai kuskure ko ɗaya ba.

Sai ta gayyace shi ya koya wa ɗalibanta. Ya zo da kaskon gawayinsa, ya hura a tsakiyar aji. Ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka, mutanen benen mai hawa huɗu suka fito a guje, shugaban sashe da takalmi ƙafa ɗaya. A filin ajiye motoci aka ƙarasa darasin, kuma Yaya ta ce ba ta taɓa ganin aji ya cika haka ba.

Shugaban ya yi faɗa sosai, ya rantse tsohon ba zai sake taka ginin ba. Da jama'a suka watse, sai ya ja shi gefe, ya nuna masa tsagaggiyar bambar motarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, wannan fa, za ta kama?"