Gidan da aka cire wa ƙyaure

Ana sallame asuba muka bar Maradi, ni da yayata. Likitar ƙwaƙwalwa ce, irin wadda ba ta allura, sai sauraro. Ni kuwa rakiya ce tawa da riƙon jaka. A Sabon Maci muka sha fura da nono mai tsami, da tsada kamar daga Makka aka kawo saniyar. Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Dakoro.

Gidan da muka nufa yana bayan gari. Tun daga zaure na lura: babu ƙyaure ko ɗaya, duk an ciccire an jingine a bango, ɗakuna sun buɗe baki. Ko kaza ba ta motsi. Matar da muka zo dominta ta shekara bakwai mijinta yana kulle ta yana duka. Ya rasu, amma tsoron bai rasu ba, shi ya sa ba ta yarda a rufe ƙofa. Wanta ya ce iska ce, kuma idan wannan zuwan bai yi amfani ba, jibi zai kai ta inda ake sa wa mahaukata mari a ƙafa.

Yayata ba ta tambaye ta abin da ya faru ba. Ta bar ta ta zaɓi wurin zama a cikin ɗaki, suka shiga hirar tsadar wake. Ni da iyayi, na ga sirrin mata ne ga wanta a tsakar gida, sai na saki asabarin da ke naɗe a bakin ƙofa don sakayawa.

Ɗakin ya yi duhu. Matar ta sandare, idonta a kafe, ta fara ba da haƙuri da wata siririyar murya, tana kiran sunan mamacin. Daga waje wanta ya ce, "Kun gani ko? Shi na nan ya hau ta."

Yayata ta naɗe asabarin ba gaggawa, ba ta taɓa matar ba. Ta tura mata wata ƙwaryar gero da ke gefe, ta ce, "Yaya, sa hannu ciki. Mi kika ji? Mi kike gani a tsakar gida?" Da ƙyar ta ce turmi, ta ce tulu. Numfashinta ya dawo. Sai yayata ta damƙa mata igiyar asabarin: "Ƙohwa taki ce."

Mun fi awa a zaune. Can matar ta sassauta igiyar da kanta, asabarin ya sauko kamar taƙi ɗaya, ta tsaya. Wanta ya daɗe yana kallo, ya tambayi yaushe za mu komo.

Da la'asar muka iso Maradi. Abin da na koya shi ne, wanda aka daɗe ana kullewa, ko alheri za ka yi masa, tambaye shi tukuna.