Yadda Baba Ya Shiga Noman Rani

Shekarar da na kama hayar fili a bakin ruwan Watari don in shuka tumatir, mahaifina ya faɗa a majalisar dattawan ƙauyenmu cewa noman rani ba noma ba ne.

"Wanda ya kasa jiran damina," in ji shi, "ya raina rabon da Allah ya ba shi."

Maganar ta iso kunnena. Na gaji da tafiya ci-rani birni kowace shekara, kuma na ƙudura a raina cewa bana a gida zan nemi abincina. Na ɗaure injin ban ruwa a bayan babur na kama hanya.

Da tumatir ya fara fure, wata safiya sai ga Baba a bakin gonar. Ya ce dubiya ya je maƙwabcin ƙauye, hanya ce ta biyo da shi. Bayan 'yan kwanaki ya sake zuwa, ya tsaya yana kallon yadda nake sakin ruwa a fangali.

"Ba ni fartanyar nan," ya ce. "Ba noma na zo yi ba. Ɓarnar ruwan ce ba zan iya gani ba."

Daga nan kusan kullum sai ya zo, kowace rana da dalilinta. Amma in mun koma gida sai ya ɗaure fuska, ya rage zama majalisa, abinci ma kaɗan yake ci. Na so in yi masa magana, mahaifiyata ta hana ni.

"Ƙyale shi," in ji Inna. "Bakinsa ya faɗi abu, hannunsa na yin wani. Dole ɗaya ya bi ɗaya. In ka tsokane shi, bakin zai bi."

Na bi shawararta, na ci gaba da aikina.

Ranar da muka sauke kwandunan farko, wani abokin Baba ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Malam, ba kai ne ka ce wannan ba noma ba ne?"

Baba ya gyara hularsa. "Kakana da jigo yake ban ruwa a fadama," ya ce. "Gadonmu ne. Yaran ne ba su iya ba, shi ya sa nake zuwa."

Da rani ya zagayo, Baba ya kama nasa filin kusa da nawa. Albasa ya shuka, wai tumatir ba ya ajiyuwa. Har yau muna gardama a kan wannan.