Fadamar da Yaya Habibu Ya Ƙi a Cike

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habibu. A makon jiya kuma hukumar kula da muhalli ta amince a gina lambun tunawa da tsofaffin sojoji a gabashin London, can inda kogi ke shiga teku. Saƙon ya same ni a bakin aiki a asibiti. Mutanenmu suna ta yi wa juna barka a waya, ni kuwa kujera na nema na zauna.

Mahaifinmu yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa daga Arewa suka kai yaƙin Bama. Ya dawo da tari da lambar tagulla guda, ya koma noman albasa a fadamar garinmu har Allah ya karɓi abinsa. Yaya Habibu ne ya fara cewa a sa sunayen irinsu a jikin dutse, a ƙasar da suka yi wa yaƙi. Direban bas ne, ga taurin kai, ga son taro. Shekara huɗu yana tara mu a falonsa na unguwar Plumstead, a sha shayi a rubuta wasiƙu, har council, wato ƙaramar hukumar yankin, ta nuna mana wuri.

Wanda ya fassara mana takardar filin a taro cewa ya yi, filin banza ne, taɓo kawai, za a zuba ƙasa a cike. Muka yi hamdala. Ba wanda ya je ya duba sai Yaya. Wata Asabar ya same ni a kicin, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Rakiya, ba fili ba ne. Fadama ce."

"To sai me, Yaya?"

"Ke 'yar wa ce? A garinmu kin taɓa ganin an yi gini a fadama? Ko gawa ba a sawa a can. A yi cancel, mu nemi tudu."

Ya ce ya ga ƙananan tsuntsaye irin masu sauka gonar Baba da rani, wai su ma 'yan ci-rani ne kamarmu. Ya janye hannunsa daga takardar. Nan take aka ce ya ci amana, Turawa masu kare tsuntsaye sun saye shi. Ni na fi kowa zafi. A gaban jama'a na ce masa ya fifita kwaɗi a kan ubansa, kuma magana zarar bunu ce. Wata tara ban ɗaga wayarsa ba, sallah ta zo ta wuce. Ranar da na ɗaga, muryar matarsa na ji, an riga an rufe masa fuska.

Yanzu ga amincewa ta zo da sharaɗi: a cike rabin wurin, a haƙa wa tsuntsaye tafki a wani gefen. Da Yaya yana raye na san zai tambaya wa aka wakilta ya kai musu sabon adireshin. Ban ce masana ba su san aikinsu ba, su suka yi karatun. Amma ranar Lahadi na je da ƙafata, abin da na ƙi yi shekara bakwai. Ruwa ya cika mini takalmi, ƙanshin laka ya buge ni, sak na gonar Baba. An riga an kafa turaku da jan ƙyalle. Gani ya kori ji, sai dai nawa ganin ya zo bayan an share makoki, kuma kunyarsa ba ta sake ni ba.

Yaya bai mutu ya bar gida ba, bai bar suna a ƙungiyar da ya kafa ba, don sun cire hotonsa tun yana da rai. Abin da ya bari shi ne mutum ya je ya duba kafin ya sa hannu, ko da duniya za ta zage shi.

Kowane gida sai ya miƙa sunan sojansa kafin ƙarshen wata, kuma a 'ya'yan Baba ni kaɗai na rage. Jiya shugaban kwamiti ya kira ni.

"Hajiya, sunan Baba kaɗai muke jira, a yi printing."

Na ce su ci gaba, kada su jira. Dutsen zai tashi babu sunan mahaifinmu, kuma ni na hana, ni da na yanke zumunci saboda sunan nan. Ba ni da wata hanyar ba Yaya haƙuri sai wannan. Allah ya kai haske kabarinsu su biyun.