Garinmu da na gina a lakwal

A shekarun farko na samun 'yancin kai ina sayar da kanwa da busasshen kifi a kasuwar Agadas. Asalina bakin tafkin Chadi ne, wani ƙauye gabas da Ngigmi, wanda ruwa ya cinye tun kafin in yi aure. Ɗiyata a Dagmanet, wata unguwar Agadas, aka haife ta, ruwan da ta sani shi ne na rijiya da na kori, rafin nan da ba ya kawo ruwa sai da damina.

Wata rana ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da saƙon mushensu, malamin ajinsu: yanzu ƙasa tamu ce, yana son tsofaffi su zo su ba yara tarihin garuruwansu. Ita ta ce masa babanta mutumin tafki ne. Ni da karatuna bai wuce abin yin salla ba, na sa rigar Juma'a na tafi ina taƙama.

Damuwar ita ce a kasuwa an san ni da zolaya. Na taɓa gaya wa yaran lakwal ɗin cewa kifin da nake sayarwa da ƙafa ya zo Agadas, shi ya sa ya bushe. Ina shiga aji suka fara danne dariya. Ɗiyata tana gaba, ta naɗe hannu, ba ta dariya. Ita nake so ta yarda muna da gari.

Na ba su labarin kakan kakana da ya fara kafa bukka gindin tsamiya. Na faɗi yadda muke ɗaure ciyawar ruwa mu yi jirgi, da yadda shanunmu ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, ƙaho da hanci kawai ake gani.

"Baba, raƙuman ma suna iyo?" in ji wani ɗan maƙeri. Ɗaki ya ɗauka da dariya.

Mushe ya buga tabur. "A ci gaba, malam."

Na ce wata shekara ruwa ya taso a hankali, ya shiga gona, ya shiga masallaci, ya rufe kabarin mahaifiyata, muka watse.

Wata yarinya ta ɗaga hannu da ladabi. "Baba, mu in kori ya kawo ruwa, tudu muke hawa mu jira ya wuce. Ku me ya hana ku jira?"

"Wannan ba ya wucewa, 'yata."

"Ina yake zuwa, to?"

Sai na ce su biyo ni waje. Na durƙusa da rigar Juma'ata, na tara ƙasa na yi gidaje, na kafa tsinke a matsayin tsamiya, na sa ɗan dutse inda kabarin yake. Sannan na ɗauki tulun ruwan shansu na juye gaba ɗaya. Ban ma yi tunani ba. A garinmu ba a tambaya kafin a zubar da ruwa.

Dariya ta tsaya. Ba garin suke kallo ba, tulun suke kallo. Kafin in miƙe ƙasa ta shanye ruwan tas. Tsinken yana tsaye, dutsen yana nan, har ya fara bushewa.

"Ka gani, Baba," yarinyar ta ce a hankali, "ya wuce."

Mushe ya yi mini godiya da Faransanci, ya aiki manyan yara rijiya.

A hanyar gida ɗiyata tana gabana, ba ta waiwaya ba har muka kusa ƙofa.

"Baba, na shanun nan, irin na kifi mai ƙafa ne?"

"Wallahi gaskiya ne."

"To ka kai ni in gani."

Na ce ko mun je, ruwa kawai zan nuna mata, ban ma san daidai inda zan nuna ba. Ta ɗan dube ni, irin kallon da masu saye ke yi mini in na rantse kifina na bana ne.

"Ba komai," ta ce. "In an tambaye ni, zan ce mu 'yan Dagmanet ne."

Ta shiga gida. Na tsaya a zaure ina kakkaɓe ƙasa daga gwiwar rigata.